Gishirin Amaryar Teku

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa a madadina: ni na kashe amaryar tekun da aka kawo unguwar Zahir a Makka, kuma tausayi ne ya sa na kashe ta. Shekara da shekaru ina ɗora wa zafin Makka laifin. Zafin bai taɓa musu ba, shi ya sa na ji daɗin ɗora masa.

Lokacin ina da ƙarfi, hankali ne dai bai iso ba. Sana'ata zafa, wato ga-ruwa: gwangwani biyu a sanda, sanda a kafaɗa, daga bazan inda ake ɗiban ruwa zuwa gidajen mutane. A Makka aka haife ni, karatuna bai wuce na salla ba. Teku kuwa a bakin alhazai kawai nake jin labarinsa, su ma amai suka fi tunawa.

Shekarun da motoci suka fara ture raƙuma daga hanyar Jidda ne wani mutumin Jidda ya zo da babbar mota bayan hajji. Ya kafa tanti, ya gina kwatami da siminti, ya saka wata halitta a ciki. Ya ce amaryar teku ce, rabi mace rabi kifi, kuka take yi don an raba ta da mijinta. Mutane suka yi ta tururuwa. Ni ya ɗauka in riƙa canza mata ruwa.

Tun ranar farko ban yarda da shi ba. Mutumin da yake murmushi kafin a gaishe shi, ai da wata a ƙasa. Da fari na ɗauka mutum ne ya ɗinke a cikin fata, har na tsokane ta da sandata in ji ko za ta zage ni. Ta ɗago, ta fesa min numfashi mai warin ciyawa. Fuska kamar ta saniyar da aka aske, ga gashin baki. In wannan ce amarya, to Allah ya jiƙan ango.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gishiri. Buhu-buhu ya zo da shi. Ya ce duk zafa huɗu in zuba gwangwanin gishiri ɗaya, in dama sosai.

Na ce, “Ya ammi,” wato baffa, “miya za mu yi da ita?”

Ya ce, “Ya Takaruni, kai dai dama.” Haka Larabawa suke kiran mu 'yan asalin ƙasar Hausa.

Na dama, amma ina kallon idonta. Kullum a jiƙe, wani abu mai yauƙi yana gangarowa, mutane suna cewa subhanallah, ga hawaye.

Akwai wani tsoho a unguwarmu, mutumin Yawuri, wanda ya zo da ƙafa ta Sudan tun kafin a haife ni, yana saƙa faifai yana sayarwa. Na shigar da shi ta bayan tanti ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kai, ɗan nan, wannan ai ayu ne. A kogin Kwara muna da shi. Ruwan daɗi yake zama, wanda kai da ni muke sha.”

Na ce, “Baba, ka tabbata?”

“Ni da na ci namansa kake tambaya?”

Shi ke nan, na gama shari'a a raina. Gishirin don idonta ya yi yaji ne, ta yi hawaye, jama'a su zo kallo. Na tuna yadda gumi yake shigar min ido in na hau tudu da zafa. Na ce wallahi ba da hannuna ba.

Da azahar mutumin yakan tafi Harami ya bar ni da aiki. Sai in buɗe magudana in rage ruwan, in cika da na bazan zalla, gishirin kuma in kai wa masu raƙuma, suna ta sa min albarka. In ya dawo mu zauna mu ci shinkafa a faranti ɗaya, yana ba ni labarin 'ya'yansa, ni kuma ina cewa a raina, ci, azzalumi.

Kwana uku ta daina taɓa ciyawar da ake kawo mata daga Jidda. Fatarta ta yi fari-fari, ta fara saɓulewa. Mutumin ya rame, ya rufe tanti ya hana kallo, ya shiga ruwan da kansa har ƙugu yana shafa mata baya yana yi mata magana. Ni kuwa na ce duk salo ne, wa ya sani ko wani abu yake ba ta a ɓoye. Na ƙara ƙaimi. Har tulun Zamzam na ɗauko na juye mata, na ce in akwai sauran gishiri a jikinta ya wanke.

Ran kwana na tara da hantsi na shigo da zafa na same ta a kife, ba ta ɗagowa. Mutumin yana zaune a bakin kwatamin, ƙafafunsa a ruwa. Na ajiye gwangwanaye a hankali. Ban san me ya kai hannunsa ba, sai na ga ya kamfaci ruwan ya kai baki. Ya riƙe shi a baki, ya haɗiye. Ya sake kamfata.

“Ina gishirin?”

Na miƙe ƙirji na faɗa masa duka, har da Kwara, har da hawayen, har da azzalumi. Ina jira ya kai min duka in rama.

Bai tashi ba. Ya ce shi masunci ne tun kakanni, a cikin raga ya tsince ta uwarta ta mutu, kuma ruwan da aka haife ta a ciki ko kare ba ya iya sha don gishiri. Idonta kuwa haka Allah ya yi shi, ko a teku a jiƙe yake.

Da yamma na je wa tsohon nan na Yawuri da maganar. Ya ce shi dai na Kwara ya sani, ya ci gaba da saƙarsa.

Mutumin Jidda ya naɗe tantinsa washegari, ni na taya shi lodi don kunya. Da zai hau mota ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, “Kullum hannunka da nawa a faranti ɗaya, ya Takaruni. Me ya hana ka ce min ka ga ina cutar ta?”