Gyaran da Yaya Ya Yi wa Jitar Baba

Babanmu makaɗin garaya ne kafin ya zama Kirista. Ƙauyukan da ke tsakaninmu da Daudawa, in dai wasa ya tashi shi ake nema. Da ya shiga majami'a sai ya ajiye garaya ya rungumi gona, hannunsa na ƙaiƙayi shekara da shekaru. Ana nan wasu baƙi suka ba majami'armu wata ƙatuwar jita mai tsirkiya huɗu, mai babbar murya, wadda ba ruwanta da lantarki. Ba wanda ya iya ta. Baba ya ɗauka ya jujjuya, kafin damina ta fita shi ke riƙe da waƙa duk Lahadi.

Masu garaya ba su son tsirkiya ta yi magana ita kaɗai. Sukan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan wuyanta yana yin zirr bayan kowane kaɗi, in babu shi su ce kiɗan tsirara yake. Jita ba ta zo da wannan ba, don haka Baba ya zare ɗan farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa, ya goga shi a dutse har ya rage tsawo. Tsirkiyoyin suka sauko suna gogar ƙarafan da ke gicce a wuya, zirr ya samu.

Kuma ba don daɗi kaɗai ya yi ba. Kunnensa ya yi nauyi, babbar muryar jitar ba ta shigarsa. Zirrin nan yake ji, a kunne da yatsu, da shi yake sanin inda yake cikin waƙa. Mu biyu muka san haka, ni da yayana, domin gara Baba ya kwana da yunwa da a ce masa kurma. Kujerar makaɗi da ke gaban majami'a ita ce abin da ya rage masa.

Yaya ya yi zama a Funtua, can ya koyi kaɗa jita da gyaranta. Tun yana yaro yake jin kunyar a ce masa ɗan mai garaya, kuma ya dawo gida idonsa na kan kujerar. Bai tunkari Baba ba, ina! Dattawa ya bi ɗaya-ɗaya yana ce musu kayan Ubangiji na lalacewa, wai wannan kukan ciwo ne a jikin jita, kuma ga wanda ya sani, kukan wasan da aka baro ne ake shigo da shi ta bayan gida. Da ɗan gari akan ci gari. Suka ce ya gyara.

Ranar Asabar da la'asar ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar majami'a, mutane suka kewaye shi. Da ma gyaran gangar Auzinawa ya yi, da na samu abin zaginsa. A'a, aiki ya yi mai kyau, abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau. Ya ɗaga jitar ya kanne ido yana duban wuyanta, ya ce rani ya busar da itacen ya miƙe fiye da kima. Ya zura ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ta ramin cikinta, ya sassauta sandar da ke cikin wuyan kaɗan-kaɗan, yana yi yana gwadawa. Sannan ya yanki katin waya ya sa ƙarƙashin ƙashin nan ya ɗaga shi. Ya bi kowace tsirkiya daga sama har ƙasa, murya tas, ko ɗigon zirr babu. Na ja shi gefe na ce ya ji tsoron Allah, ya san abin da zai faru gobe. Ya ce in je in ji da tukunyata.

Baba na gona, bai sani ba. Da na gaya masa sai ya yi dariya, ya ce yaro ya share mata ƙura ne kawai.

Lahadin kuwa ta godiyar kaka ce, har daga Yankara an zo. Mata suka ɗauki waƙa, Baba ya kaɗa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya kwantar da kai jikin jitar, ya ƙara ƙarfi, ya riga waƙa, ya dawo bayanta. Aka kai ƙarshe kowa ya yi shiru, shi kuwa kansa na ƙasa yana ta bugu shi kaɗai. Yara suka fara dariya, manya suka kama, har da tsofaffin da suka yi rawa da kiɗansa suna 'yan mata. Ni dai kuka nake, na haushi.

Yaya ya taso a natse, ya durƙusa gaban Baba kamar ɗan kirki, ya zare jitar daga cinyarsa. Ina kusa, na ji abin da ya faɗa ƙasa-ƙasa, yana murmushi har kunne.

"Tashi, kurma. Naka ya ƙare."

Baba murmushin kawai ya gani. Ya dafa kansa, ya ɗaga murya yadda marasa ji ke yi, duk majami'a ta ji.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Riƙe mani ita, ta lalace ne. Kai ka iya gyara."

Jama'a suka ce amin.