Lemun Inna da jarkokin fetur

Har yau in na ji warin fetur sai raina ya ɓaci, ga shi kuwa a Illela nake aure, garin da ko kaza ta san warinsa.

A bayan ɗakina akwai ɗan fili, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Nan na shuka yakuwa da barkono da zogale, amma duk 'yan rakiya ne. Abin da nake tsaro shi ne lemun tsami guda ɗaya, wanda Innata ta tsirar a gwangwanin tumatir ta miƙo mini, damina ɗaya kafin ta rasu. Ba ta bar gona ba, ba ta bar zinare ba, sai shi.

Bazarar shekarar da abin ya faru ta yi tsanani. Rijiyar unguwa ta ƙafe, 'yan ga-ruwa suka zama sarakuna, sai da roƙo. Na ajiye roba a inda kowa ke alwala, na hana a zubar da ruwan wankin shinkafa, na yi wa lemun rumfa da tsohon buhu. Maigidana, mai jigilar fetur a babur zuwa Ƙonni, dariya yake mini, wai na haifi auta mai ƙaya.

Na lallaɓa lemun har hadari ya fara leƙowa daga gabas. Sai ƙanwata ta haihu a Garu, na tafi kwana biyu. Na ce wa maigidan kofi biyu da safe, biyu da yamma, daga robar nan. Shi ke nan abin da na roƙa.

Mutumin da bai taɓa ɗaga buta saboda lambun ba, ranar tausayi ya kama shi. Ya ɗaure jarkokinsa huɗu a babur, ya je har Gidan Katta ya ciko su da ruwa, ya zo ya malale lambun. Jarkokin fetur! A garin nan jarka jarka ce, a ɗauraye ta sau ɗaya a ce ta fita.

Tun daga zaure na ji warin. Na tarar ƙasar gindin lemun tana maiƙo.

"Alhaji, mi kaz zuba ma iccen ga?"

"Ruwa na! Na ɗauraye su hwa. Ke kuwa, ba sannu, ba na gode?"

Na durƙusa na kwashe ƙasar da hannu har farcena ya yi jini, na zuba sabuwa, na juye ruwan shanmu kaf. Yakuwar ba ta kwana ba. Lemun ya daure mako guda, ganyen ya nannaɗe, ya zube. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa bayansa ya bi. Surukata ta ce, "Icce na hwa, ɗiyata, ba mutum ba. Ki gode ma mijinki." Ran Lahadi ya sawo wani a kasuwa, ya fi nawa tsawo, ya dasa kusa da shi yana fara'a. Kwana tara bayan ɓarnar jarkokin, ruwan farko ya sauka. Kwana tara kacal suka rage mana.

Lemun da ya sawo yana 'ya'ya duk shekara, maƙwabta ke tsinka, ni ban taɓa kai shi bakina ba. Na Inna busasshiyar sanda ce yanzu, kuma kowa a gidan nan ya san wanda ya tumɓuke ta, da ni zai yi.