Jan Ƙyalle a Wuyan Kaboyi

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, 14 ga Afrilu 1987, ana shirin azumi, labari ya iske mu a unguwar Barbès ta Paris cewa Malam Illiassou mai zanen hotuna ya rasu a asibiti a Lyon.

Illiassou, tare muka taso a Damagaram, kana haura katangar silima don kallon kaboyi. Da muka zo Paris, mu muka kama sayar da atamfa, kai ka kama buroshi. Kaboyinka ba irin na kowa ba ne: doki ruwan hoda, fenti mai ɗaukar ido kamar allon tallan sabulu, mahayin kuma baƙin mutum da tsagar gida. Na sha yi maka tsiya cewa dokinka ya faɗa tukunyar rini. Sai ka yi dariya, ka zana mini allon shago kyauta. Haka ka yi wa rabin 'yan kasuwarmu.

Abu ɗaya ne ba ka wasa da shi. Malaminmu ya ce duk wanda ya zana mai rai ya ja masa layi a wuya, kada ranar lahira a ce ya hura masa rai. Shi ya sa kowane kaboyinka da jan ƙyalle a wuya, kowane doki da jar igiya, kuma su kake zanawa ƙarshe, da bismilla. Da ka koma Lyon, Turawan can sun ɗauka ado ne.

Ciwo ya kwantar da kai ka bar zane ɗaya a ɗakinka na Rillieux, kusa da Lyon, wuya babu layi. Da na je dubiya hannunka ba ya ɗaguwa, kuma ba ka da magana sai wannan. Na ce Allah mai gafara ne. Ka ce, "Na sani, Alhaji. Amma ban taɓa barin ko guda hakanan ba."

'Yarka Hassia, wadda ka hana taɓa fenti don kada ta gaji wannan fargabar, ita ta ɗauko zanen har gaban gadonka. Ta yi bismilla, ta ja jan ƙyallen. Ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce, "Ya ɗan karkace, ɗiyata. Riƙe buroshin, naki ne." Ni dai kuka na yi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka. Matarka Hajiya Rékia da yara, Allah ya ba su haƙuri. Hassia ta gama zanenta na farko, Illiassou. Na gani da idona, layin ya miƙe.