Shuɗiyar walƙiya da katunan matan unguwarmu

Ƙanwata ce ta sa mini abin, ranar da ta zo hutu daga Kano inda take karatun kwamfuta. Ɗan ƙari ne da ake liƙa wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, sai wata 'yar alamar walƙiya ta fito a saman allo. In shafi yana aiko da bayanai ta sabuwar hanya, walƙiyar ta yi shuɗi. In ta tsohuwa ce, ta zauna ruwan toka. Ta yi ta bayani, ni kuwa hankalina na kan tuwon da ke kan wuta. Abin da na tsinta kawai shi ne shuɗi na da kyau.

Da bazara saƙo ya zagaya wayoyi, wai ana rajistar mata manoma a wani shafin intanet za a ba su irin gyaɗa. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu kusa da Ɗambatta, ni kaɗai ce macen da ke da kwamfuta a unguwa, matan kuma ba za su miƙa wa namiji katinsu na ɗan ƙasa ba. Na buɗe shafin, walƙiya ta yi shuɗi.

Inna, uwar mijina, mace ce da in ta yi sallama sai an ji ta gida uku. Ta leƙo ta ce, "Kin san masu abin nan kuwa?"

Na ce, "Inna, ai kwamfutar ma ta shaide su."

Ita ta fara kwance ledar katinta. Daga nan ta bi gida-gida tana cewa a ba surukarta, ba ta wasa da amana. Kwana biyu ina shigar da sunaye da lambobi, ina jin kaina wata babba.

Bayan mako guda maƙwabciyarmu ta shigo da wayarta. Wani mutum ya kira ta, ya faɗi cikakken sunanta da lambar katinta, ya ce ta karanto masa wasu lambobi da aka turo mata. Allah ya taimaka ba ta iya karatun boko ba, shi ya sa ta kawo mini. Na shiga ɗaka na kira ƙanwata.

Ta duba shafin ta ce, "Yaya, na bogi ne."

"Amma walƙiyar ta yi shuɗi."

"Walƙiyar hanya take nuna miki, ba mai gida ba. Ɓarawo ma kwalta yake bi. Ai na gaya miki."

Ta gaya mini, ba ƙarya. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ɗora wa sai kaina.

Kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Duk wayar da ta yi ƙara a maƙwabta sai in ce shi ke nan, an kira wata. A aji na rubuta kwanan wata sau biyu a allo. Na san kowace sa'a da na ƙara wata za ta iya karanto lambobin, amma tsoron idon Inna ya fi ƙarfina.

Rana ta uku na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na faɗa mata duka. Ba ta daina ɓara ba sai da na kai aya. Ta karkaɗe zaninta, ta ɗauko mayafi.

"Tashi. Ni na shiga gidajen nan na ce su ba ki. Ni zan yi sallama, ke ki yi bayani."

Na bi bayanta. A ƙofar gidan farko ta tsaya ta yi sallama, ba wanda ya amsa. Ba a ji ta ba. Sai da ta sake yi.