Ƙararrawar da Ta Kira Su

Ranar Talata ce, cikin bazara, ana tsakar cire albasa. Na tashi da asuba na yi salla, na sha kunun da matar mai masaukina ta aiko mini. Ƙarfe bakwai da rabi ina lakwal, wato makarantar boko. Sunana Rakiya, ni ce madam ɗin 'yan shekarar farko, masu zuwa da majina a hanci da ardwaz, ɗan allon rubutunsu, a hammata. Ba zan faɗi sunan garin ba. Yana kudu da Madawa, ba nisa da iyaka.

Ajina na zana ne, an kafa shi a gefen fili. Yara arba'in da ɗaya ke cikinsa, kuma ranar duka sun zo. Da yawansu uwayensu ne suka kawo mini su da hannu a farkon shekara, bayan na bi gida gida ina roƙo. Kowace sai ta ce amana ce. Ni kuwa in ce ta kwantar da hankalinta, yadda ta ba ni shi da safe haka zan maido mata shi da rana.

Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a reshen bedi, tsakiyar fili, kusa da tuta. In aka buga ta, yara su sheƙo su yi layi a gindin iccen, kowa ya ɗora hannu a kafaɗar na gabansa. A wannan fanni ba ajin da ya kai nawa, kuma ina taƙama da haka. Wanda ya zo ƙarshe zai durƙusa a kan tsakuwa har a gama taken ƙasa. Iyaye suna kirana Madam Barkono a bayan idona, na sani, kuma bai dame ni ba. Mai durƙuson kullum shi ne Nomau, wani ɗan siriri mai giɓi, don sai ya kai awakin uwarsa wurin makiyayi kafin ya zo. Nakan ce masa ko kunkuru aka sa lakwal zai riga shi.

Ba za mu ce ba mu ga alama ba. Matan da ke kawo nono ta hanyar kudu sun daina zuwa. Lakwal ɗin wani gari a gabanmu ta rufe bayan an ɗauke malaminta a hanyar kasuwa. Mako biyu kafin ranar, wasu mutum biyu bisa moto, wato babur, sun tsaya bakin dangarmu, sun roƙi ruwa. Suna sha suna tambayar yara malamai nawa ne, kuma ina darakta, shugaban lakwal, yake kwana.

Daraktanmu, Mushe Illa, kamar yadda ake kiran malami namiji da Faransanci, dattijo ne mai sanyin murya. Ya tara mu da maigari da liman da iyayen yara a ƙofar fada. Aka tsayar da shawara: in aka ga wani abu, zai buga ƙararrawa ba tsayawa, kowa ya yi gabas ya faɗa korama, busasshen rafin da ke bayan lakwal. Mushe Illa ya ce a gaya wa yara duka, har a gwada sau ɗaya. Ni na ƙi. Na ce manyan ajujuwa a gaya musu, amma nawa ƙanana ne, in suka ji zancen bindiga gobe rabinsu ba za su zo ba, sauran kuma su yi ta fitsarin kwance. Na ce ai ina tare da su cikin aji, in abin ya zo ni zan ja su. Bakina ya fi na kowa kaifi a wurin, aka bar mini. Ba wanda ya tuna da hutun ƙarfe goma.

Ƙarfe goma daidai aka fita hutu. Yarana suka yi inda suka saba, bakin korama, suna tsintar 'ya'yan gawo don awakinsu. Taku goma ne tsakaninsu da gangaren. Ni na ɗauki buta na zagaya bayan ajujuwa.

Goma da minti goma na ji kukan moto daga kudu. Ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Kafin in miƙe sai ƙararrawa ta ɗauka, da sauri, ba tsayawa. Na yar da butar na fito. Manyan yara sun gane, na gan su suna tsallake danga suna yin gabas. Nawa kuwa suka zubar da gawon da ke cikin rigunansu, suka juya wa korama baya, suka sheƙo fili da iya ƙarfinsu. A hanya suka yi kiciɓis da manyan, waɗannan na fita su suna shiga.

Na yi ihu. "Ku koma! Ku koma korama!" Ƙarar ƙarfen da kukan moto suka cinye muryata. Ina gudu ina kaɗa hannu, su kuwa suka ɗauka hanzarta su nake yi kamar kullum. Suka yi layi a gindin bedi, mata a dama, maza a hagu, hannu a kafaɗa. Nomau ne a gaba. Tunda aka fara shekara bai taɓa zama na farko ba. Yana haki, ya waiwayo yana neman idona, yana dariya.

Mushe Illa ya ba su baya, yana kallon hanyar kudu yana bugawa. Bai san suna bayansa ba. Moto uku suka shigo ta ƙofar danga, kowane da mutum biyu, fuskoki a naɗe. Ɗaya ya daka tsawa. "Bar bugun nan!" Ban sani ba ko ya ji. Suka buɗe wuta wajen iccen.

Ƙarar ba kamar yadda nake zato ba ce. Gajeruwa ce, busasshiya, kamar ana karya kara a gwiwa, sai dai ba ta ƙarewa. Ƙararrawa ta yi shiru. Mushe Illa ya zauna a ƙasa, sannan ya kwanta a gefensa. Ganyen bedi na zubowa. Yaran ba su watse ba, suka tsaya a layinsu suna kuka, don ba wanda ya ce su tafi.

"Ku kwanta!" Wannan karon sun ji ni. Suka zube gaba ɗaya. Na ja ciki na isa wurinsu. Mutanen sun wuce ɗakin darakta, suna dukan ƙofa da ƙafa, wasu sun yi cikin gari wajen garken shanu. Na ce kowa ya kama ƙafar na gabansa, mu bi ta cikin ajinmu. Na yage zanar baya da hannuna, na riƙa tura su ɗaya ɗaya ta ɓular. Nomau bai tashi ba. Sahabi, ɗan limamin unguwar yamma, da ke bayansa, shi ma bai tashi ba. Na taɓa su, na kira sunayensu sau biyu biyu. Wata yarinya, Habsu, tana motsi, jini ya jiƙe mata zane daga cinya. Na kwance kallabina na ɗaure wurin, na goya ta da gyalena. Na bar biyun a nan. Wannan ita ce gaskiya, na bar su a rana.

Goma da rabi muna cikin korama. Manyan yara sun riga sun yi nisa. Na jera nawa a gindin gangare na ƙirga kawuna. Talatin da tara, har da ta bayana. Na sake ƙirgawa ko na yi kuskure. Talatin da tara. Daga gari muna jin harbi jefi-jefi, da kukan shanu, da muryar wata mata tana kiran suna ɗaya ba ta gajiya. Hayaƙi ya tashi ta wajen lakwal, na san zanar ajina ce.

Muka bi koramar muka yi arewa. Yashi ya ɗauki zafi, yawancinsu kuma sun bar takalma a fili. Na ce a bi gefen inuwa, a yi shiru, wanda ya ji kuka ya ciji rigarsa. Suka yi yadda na ce. Ban taɓa jin tsoron biyayya ba sai ranar. Ƙarfe sha ɗaya wani moto ya bi ta saman gangare. Muka lafe a jikin ƙasa har ƙararsa ta ɓace. Wata yarinya ta yi fitsari a tsaye, ta dube ni tana jiran faɗa. Na shafa kanta muka ci gaba.

Habsu ba ta da nauyi. Da farko tana nishi a kunnena, tana cewa ƙafarta. Daga baya ta ce ƙishirwa. Na ce mata mun kusa, alhali ban san inda za mu ba. Ina jin ɗumin jininta yana bin bayana har zuwa zanena.

Rana tsaka muka fito garakan albasa. Masu aiki sun gudu sun bar injin ban ruwa yana aiki shi kaɗai. Yaran suka kifa baki cikin lambatu suka sha. Na jiƙa bakin gyale na matsa wa Habsu a leɓe ta kafaɗata. Ta tsotsa kaɗan. Na sake ƙirga su, don wasu sun fara zama suna cewa ba za su iya ba. Na haɗa su biyu biyu, mai ƙarfi da mara ƙarfi. Na yi musu tsawa irin ta aji, suka tashi. Na tsani muryata, amma ita kaɗai nake da ita.

Ana kiran azahar muka shiga wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba. Labari ya riga mu. Mata suka fito da ƙwarya ƙwarya na ruwa da fura, suka shimfiɗa tabarmi a inuwar masallaci. Na ce a nemo mini mai moto ya kai yarinya likita. Wata tsohuwa ta zagaya bayana, ta ɗaga gyalen, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta dafa ni ta ce, "Ɗiyata, sauke ta hakanan. Ta riga ta tahi." Ban san a ina ba ne. Tsakanin garaka da masallacin ne, kuma ina tafe ina yi mata magana.

Daga ƙarfe uku mutanen garinmu suka fara isowa, wasu a ƙafa, wasu bisa amalanken jaki, da tabarma da tukunya. Kowace uwa ta shigo tana raba ido. Ban bari a kwashi yaro haka nan ba. Na tsaya a bakin tabarma, in kira sunan yaro, in kama hannunsa in sa cikin na uwarsa ko ubansa ko kakarsa. Waɗanda nasu ba su iso ba na damƙa su ga maƙwabtansu, na sa suka faɗi sunan yaron a gaban maigarin wurin. Kafin la'asar sakaliya tabarmar ta zama wayam.

Mata uku suka rage a tsaye. Uwar Habsu aka shiga da ita cikin gida inda aka kwantar da 'yarta. Uwar Sahabi ta dube ni, ta dubi tabarmar, ta zauna a ƙasa. Uwar Nomau ta matso kusa da ni. Ta ce, "Madam, ko makara yay yi? Ni ce ke tsai da shi kullum don awaki. Ko don ya makara suka iske shi?" Na ce mata bai makara ba. Na ce shi ne na farko. Ta gyaɗa kai, ta ce to alhamdulillahi, ta yi mini sannu da wahala. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da safe maza suka koma tare da sojoji suka yi jana'iza. An ce an tafi da shanu da malami ɗaya, an ƙone ajujuwan zana da rumbuna. Mu aka zuba mu cikin motar ɗaukar albasa zuwa Madawa. Har yau mutane na gardama kan abin da ya kawo su. Wasu sun ce malamai suka zo ɗauka, wasu sun ce lakwal ɗin ce ba sa so, wasu sun ce bugun ƙararrawar ne ya harzuƙa su. Ni ban sani ba, kuma sanin ba zai ƙara mini komai ba.

Ina zaune gidan yayata a Madawa yanzu. An ba ni wani aji a nan, na yi kwana huɗu na ajiye. Ba na iya ɗaga murya ga yaro. Akwai mai gyaran mota a bakin hanyarmu, in ya buga guduma a ƙarfe sai in nemi bango in dafa. Wasu daga cikin yaran tsohon ajina suna cikin garin nan. Ɗaya ta daina magana wata biyu. In mun haɗu a famfo sukan tsaya cak su haɗa hannu a ƙirji su gaishe ni, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Arba'in da ɗaya aka ba ni da safe. Talatin da takwas na mayar. Mushe Illa ya bar mata da 'ya'ya biyar, Allah ya jiƙansa. Habsu shekararta shida. Sahabi bakwai, Nomau bakwai. In aka haɗa shekarunsu su uku, ashirin ne.