Ƙarshen Fim ɗin da Iya Ta Sauya

Ni ne na yi kuskure, kuma na daɗe da sanin haka kafin bakina ya iya faɗa.

Kakarmu, wadda muke kira Iya, tana soya ƙosai a ƙofar sinimar unguwarmu a Damagaram, irin wadda ba ta da rufi. In mai gadi ya bar ƙofa a buɗe, daga wurin kaskonta tana hango bangon da ake haska fim. Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Washegari bayan magariba, tana tuƙa tuwo, sai mu zauna gefen murhu, ni da yayata Rakiya, don a hannunta muka tashi bayan rasuwar babanmu.

"Ku matso, marasa kunya," in ji ta. "Jiya Turawan nan masu malafa sun sake yin halinsu."

Wanda na fi so shi ne labarin yaron da aka kashe wa uba. Ya girma, ya hau doki mai farin goshi, ya kwana bakwai a daji babu ruwa, har ya iso wani gari mai rijiya a tsakiyar kasuwa. Wata tsohuwa ta miƙo masa ruwa ya shanye, sannan ya tambaye ta gidan wanda ya kashe ubansa. Ta ce, "Ɗana ne." A nan Iya takan tsaya ta gyara itace, mu kuwa ko motsi ba mu yi.

Sai ta ci gaba: "To, yaya za ka harbi ɗan wadda ta shayar da kai? Sai ya jefa bindigar cikin rijiya, ya koma garinsu ya kama noma. Gero kuwa ya yi masa kyau."

Rakiya ta ce, "Iya, ai ya ɓata musu ruwa."

"Ke, rufe mini baki. Wa ya je sinimar, ni ko ke?"

Yau shekara talatin ina birnin Lyon na Faransa, ina ɗaukar kaya har bayana ya ƙi. Bara likita ya kwantar da ni wata uku. Zaman ɗaki ya ishe ni, na sayo tsofaffin finafinan kaboyi na Italiya a wani shago a unguwar Guillotière, ina kallo ina jera su a takarda: wannan na ɗaya, wancan na biyu, wannan kiɗansa ya fi, wancan dokinsa ya fi gudu. In goge, in sake. Wata rana sai ga doki mai farin goshi, ga rijiya, ga tsohuwa da ruwanta. Mutumin ya sha, ya ajiye kwano, ya harbe ɗanta a gaban idonta, ya hau doki ya tafi. Na yi dariya har bayana ya motsa. Shi na sa na ɗaya a takardata.

Da aka yi sunan jikar Rakiya a gidanta na Aubervilliers, gefen Paris, na je da takardata a aljihu. Bayan cin abinci na fito da ita ina karanta wa maza, aka shiga gardama. Da na ga ana saurarona, sai na ƙara gishiri. Na ce, "Ashe Iya ƙarya ta riƙa zuba mana. Gyangyaɗi take kan kasko kafin a gama fim, ta farka ta ƙirƙiro nata." Har muryarta na kwaikwaya. Aka yi ta dariya.

Rakiya ta ajiye tiren shayi, ta kira ni ciki.

"Issufu, wa ke sayar wa mutane ƙosai in sun fito? Iya ba ta taɓa tashi ba sai an watse. Ta ga ƙarshen kowanne." Ta dube ni. "Ka manta wuƙar da ta samu ƙarƙashin tabarmarka kana ɗan shekara tara? Ka manta wanda ka ce za ka soka?"

Ban manta ba. A rigimar iyakar gona maƙwabci ya buge babanmu da sanda, bai ƙara tashi ba. An ɗaure mutumin, amma ɗansa na nan, ajinmu ɗaya a lakwal, wato makarantar boko. Shi na ce zan soka. Maimakon in sunkuyar da kai, sai na ce, "Ça va, ba komai, Yaya, wasa ne," na ɗauki jakata na kama metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wata biyar ba ta kira ni ba, ban kira ta ba, alhali duk duniya mu biyu muka rage ciki ɗaya.

A watannin nan na sake kallon fim ɗin, ban yi dariya ba. Na riƙa tuna Iya, tsohuwar da ta binne ɗanta babanmu, ta zauna cikin hayaƙi tana kallon Turawa suna ramuwa a bango, ta dawo gida ta ce wa jikanta ba haka aka yi ba. Da ta ba ni labarin yadda yake, ban san inda zan kasance yau ba.

Ranar wata Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Rakiya ta buɗe ƙofa, ta amsa sallama, ba ta ce in shigo ba. Na durƙusa a bakin ƙofar duk da ciwon bayan.

Na ce, "Yaya, na ci mutuncin Iya a gidanki, gaban baƙinki, don a yi mini dariya. Ba ƙarya ta yi ba, ni ta tsare. Ita ta riga mu, sai addu'a. Ke kuwa kina nan. Don Allah ki yafe mini."