Ɗangoma da Awakin Tabawa

Duk wanda ya zauna Filinge a shekarun da Nasara ke shirin tattara kayansa ya san Ɗangoma shofer. Ko bai san fuskarsa ba ya san dariyarsa, don takan riga motarsa shiga gari. Ɗan manoman Kurfai ne da aka kwasa soja, ya dawo ba lambar yabo ko ɗaya, sai iya tuƙi da hanci mai bambance mai da mai. Moussa mai kanti ya damƙa masa wata kamiyo, babbar motar kaya ragowar yaƙi, yana kai gero da fatu Yamai ta Bonkuku. Tsohuwa yake ce mata, in sun zo hawa ya riƙa lallashinta kamar kakarsa.

Wata bazara mai ya fara ɓacewa. A cika moter, wato injin, da baƙin mai ran Litinin, kafin Alhamis sandar awo ta fito kusan a bushe. Buwat ma, akwatin da ke sauya gudu, ta fara kuka. Ɗangoma ya ce yoyo ne. Moussa ya tafi da kansa gindin gawon da ake ajiye motar, ya durƙusa da babbar rigarsa ya leƙa: yashi fari tas, ko ɗigo babu. Cikin Tsohuwa kuwa tun zamanin yaƙi yake baƙi ƙirin, ba ya shaidar kowa. To, an san makiyayan Sanam na neman baƙin mai ido rufe don shafa wa raƙumi mai ƙazwa. Moussa ya haɗa wannan da wancan, ya ba shi zuwa ranar kasuwa: ko ya nuna yoyon, ko ya ajiye makulli ya tafi da sunan ɓarawo.

Dariya ta ɗauke ɗif. Abin da ya fi ci masa rai shi ne matarsa Dijatu ta daina zuwa rijiya da hantsi, sai da tsakar rana in mata sun watse.

Ana gobe kasuwa ya ji goge na tashi a gidan Tabawa, tsohuwar 'yar bori da ke bayan gawon. Ya leƙa. Ga fararen awakinta biyu an ɗaura musu jan ƙyalle, ita kuma baki har kunne. Ta ce iskoki ne suka zaɓi dabbobinta: kullum la'asar sukan dawo da sabon tambari a gadon baya, wanki ba ya fid da shi, har ƙazwar babbar ta warke. Ɗangoma ya tsuguna don ladabi, amma hancinsa bai san ladabi ba. Tambarin ƙaramar baƙi ne mai ruwa-ruwa, yana ƙauri. Na babbar da kauri, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

"Inna, ina awakin ga ka wuni in rana ta yi zahi?"

"Ƙarƙashin motarku mana. Akwai inuwad da ta hi ta garin ga?"

Sai ga Ɗangoma a ƙasa yana birgima, dariyar kwana shida na fita gaba ɗaya. Ya miƙe, ya saɓa babbar a wuya, ya rungumi ƙaramar, ya zura a guje zuwa kanti. Tabawa na biye tana ɗebe masa albarka, mai goge na biye da ita yana ta kiɗa, don ba wanda ya ce ya tsaya.

"Maigida, ga manka na kawo. Sunsuna."

Moussa ya so ya ƙi, amma rabin gari ya taru. Ya sunkuya ya sunsuni akuya, ya ɗago yana tari. Aka ɗunguma gindin gawo aka sake su. Ƙaramar ta shige ƙarƙashin moter, babbar ta wuce tsakiya daidai buwat, kowacce ta kwanta a wurinta na kullum. Ba a jima ba ɗigo ya sauka ɗis a bayan babbar.

Sauran aikin Ɗangoma ne. Ya wanke cikin motar da kananzir, ya barbaɗe shi da toka, ya tada moter. Baƙin zare ya ɓullo cikin tokar a wuri biyu: bakin kaskon mai, da bayan buwat inda ƙarfe ke juyawa. Ya yanko wa kaskon sabon faifan kwali, baduku ya yanka masa zoben fata na buwat, ya ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan. Tabawa dai ba ta sauka daga bakanta ba. Ta ce wa ya hana iska aiko da mota?

Moussa ya ba da haƙuri a gaban jama'a, da warin akuya a gemunsa. Ɗangoma ya karɓa, ya ƙara shekara ashirin yana tuƙi, amma ba haƙurin ne ya sanyaya masa rai ba. Washegari da hantsi yana ɗora buhuna, ya hango Dijatu da tulunta a tsakiyar mata a bakin rijiya, ta ja guga ta tsaya hira, ba ta ko sauri.